Masarar Kusurwar Gabas

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona ɗaya a bayan Iware, kusa da Jalingo, ya kuma bar mana wata al'ada da ta fi gonar nauyi. Gonar gandu ce, mu uku muke nomanta, ni da ƙannena biyu, in an girbe a cire abincin mahaifiyarmu a raba sauran. Amma akwai kusurwar gabas, kunyoyi ashirin da 'yan kai, wadda ba ta shiga rabo. Masarar da ta fito a wurin, buhu uku, huɗu in damina ta yi kirki, ta wanda ya fi shan wahala ce a cikinmu a wannan shekarar. Baba ke dubawa, shi ke yankewa, ba mai tambayarsa dalili. Zai kife turmi ya zauna a kai, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai tayin akuya, sai ya nuna mutum da haɓa. Magana ta ƙare, a ɗaure buhuna.

Da ya rasu sai Dada, haka muke kiran mahaifiyarmu, ta ce ni zan riƙa nunawa, tunda ni ne babba kuma ni ne malamin lissafi. Na ce, "Dada, lissafina na 'yan aji huɗu ne fa. Mangwaro biyar a cire biyu." Ta ce, "To ai su ma biyu ne, sai ka cire ɗaya." Ni dama ba na cikin takara. Ina da albashi, ko da yake ni da albashin nan mun fi kama da dangi na nesa, sai a jima ba mu ga juna ba. Ina kuma da tumbi, kuma a gidanmu mai tumbi ba ya kukan wahala a saurare shi.

Mai bi mini direban keke ne, irin mai ƙafa uku. Mutumin nan tun da aka haife shi ban taɓa ganin duwawunsa da tabarma sun yi hirar minti goma ba. Ladan bai gama gyara murya ba ya riga ya wanke keke. Yini guda yana tsakanin unguwar Turaki da kasuwa da Kona, ranar kasuwar Iware yana dakon doya, da damina kuma shi ne kashi biyu cikin uku na gandunmu, in ban ce duka ba don kada a ce na raina kaina. Ya gina gidan bulo, ya rufa kwano sabo, yana da firij da talabijin. Talabijin ɗin bai taɓa ganinta a kunne ba. 'Ya'yansa sun fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa.

Autanmu tela ne, kuma Allah ya ba shi hannu. In ya yi wa wuyan riga aiki, sai ka ji kunyar sa ta da wuyanka. Amma da hantsi yake buɗe shago, ana kiran azahar ya rufe, ya tafi gindin mangwaro wajen 'yan dara. Ranar Juma'a ba ya buɗewa saboda Juma'a ce, ranar Asabar saboda gajiyar Juma'a. Gidansa ɗaki biyu ne na ƙasa, in ana ruwa matarsa ke jera kwanoni a tsakar ɗaki har sai ka rasa wurin taka ƙafa. 'Ya'ya biyar. Shekara uku a jere na nuna shi, kamar yadda duk mai ido zai yi. Na ɗauka aikin da sauƙi. Har na fara tunanin Baba ma zaman turmin nan don burga kawai yake yi.

A shekara ta huɗu, ranar da muka gama ɓare masara, ana ta ɗinke bakin buhuna, sai mai keke ya ajiye basilla ya ce, "Hamma, ina da magana." Hamma shi ne yaya a bakinmu, kuma in ƙanenka ya fara da shi haka a tsaye, to ka nemi wurin zama.

Ya ce, "Bana in ka sake nuna shi, ku yanka mini kasona na gona. Na gaji."

Tela yana zaune a kan buhu yana cin gasasshiyar masara. Ya ce, "Ai gajiya kam ka daɗe da ita, Hamma ƙarami. Kai ka ɗauko ta da kanka, ba aiko maka ita aka yi ba."

"Ni na shuka, ni na nome, ni na karya, a ɗauka a kai wa mai wasan tsakuwa a ƙasa. Wai shi ne mai wahala. Wace wahala? Ta zaɓen inuwa?"

"Zaɓen inuwa ma aiki ne. Tana matsawa."

Na yi dariya, ni kaɗai. Da na ga fuskar Dada sai na haɗiye sauran. Kowa a wurin ya san in mai keke ya janye hannunsa gandu ya mutu. Ni in na sunkuya da fartanya sai an kira mutum biyu su miƙar da ni. Kuma Dada ta sha faɗa cewa ba ta son ganin igiyar awo a gonar mijinta tana da rai. Ta ce kada kowa ya taɓa buhunan kusurwa, a kai su ɗakinta a Turaki. Ta ba ni mako guda. "Je ka auna su," in ji ta. "Ba da ido ba. Ido ka yi da shi shekara uku."

Sai na yi abin da malamin makaranta ya iya. Na ɗauko takarda na ja layi a tsakiya, na ce zan ba kowa maki kamar jarabawa. Rufin ɗaki, abinci, suturar yara, lafiyar jiki. A zaune na cika ta cikin minti biyar, tela ya faɗi warwas, wato dai shi ya ci masara. Na kai wa Dada. Ba ta karatu, amma ta juya takardar gaba da baya ta ce, "Ina gidan barci a nan?" Na ce babu. "Ina gidan ciwon baya?" Na ce yana cikin lafiyar jiki. Ta ce, "Kai da ka rubuta, ka taɓa hawa kekensa daga safe zuwa yamma?" Ta miƙo mini takardata.

Ranar Asabar na hau. Na zauna a gefensa a gaba, rabin jikina a ciki rabi yana gaishe da mutanen gari. Kafin rana ta ɗaga mun kai mata uku kasuwa da kwandunan yakuwa, mun ɗauko 'yan coci masu zuwa koyon waƙa, mun kai wani dattijo asibiti, mun ɗauko buhun siminti biyu da mai su. Duk ramin da ke hanyar Kona na san shi yanzu da ƙashin bayana, in aka rufe mini ido zan iya jera su. Wajen sha ɗaya na ce, "Ba a karin kumallo a wannan kamfanin?" Ya miƙo mini ƙosai a leda bai tsaya ba. Shi nasa da hannu ɗaya ya ci, ɗaya hannun na kan kan keke, bakinsa kuma yana ciniki da wata mata a kan ko akuya fasinja ce ko kaya.

Da azahar muka yi salla a wani masallacin bakin hanya. Ban taɓa jin daɗin sujada kamar ranar ba, har na so limamin ya manta da mu a ƙasa. Muna sallamewa ya miƙe. A nan na lura da yadda yake miƙewa. Sai ya dafa gwiwa, ya dafa bango, ya tsaya kaɗan a lanƙwashe kamar mai neman allura, sannan ya ɗago. Shekara shida na ba shi, amma a wannan miƙewar shi ne yayana.

Na ce, "Don Allah me kake nema haka? Gida ka gina. Yara suna makaranta. Ka huta ko da yini ɗaya a mako."

Ya ce, "Hamma, shi wancan in ya zauna da safe ya yi wuyan riga ɗaya, ya samu abin da nake kwana biyu ina bi a titi. Ni ba ni da hannu, ba ni da boko. Lokaci kawai gare ni, shi nake sayarwa. In na daina, me zan kai kasuwa?"

Wannan magana ta zauna mini. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Firij ɗin nan da nake ba shi maki goma a takarda, ashe kowace kusurwarsa awoyi ne na mutum. Kafin mu kai wata mahaɗa na ji na gama yanke hukunci, masara tasa ce. Sai ga wani abokinsa ya tsayar da mu, ya ce akwai lodin itace bayan la'asar, amma kuɗin ba wani abu ba ne, shi ma ƙi ya yi. Ƙanena ko tambayar nawa ne bai yi ba, ya ce yana zuwa. Na ce, "Kai da bayanka ke ciwo?" Ya ce, "To in na koma gida yanzu me zan yi? In zauna in kalli bango?" Na sauka a nan. Na tari wani keken ya kai ni gida, matata ta gasa mini baya da ruwan zafi, tana tambaya ko faɗa aka yi da ni.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta na nufi shagon tela, na tarar yana rufewa. Wani mutum ya zo da yadi mai tsada, yana roƙo a ɗinka masa kafin ɗaurin aure, zai ƙara kuɗi. Tela ya shafa yadin, ya yaba shi, ya ce Allah ya sa alheri, ya kwatanta masa shagon wani. Na ji kamar in ƙwace yadin in ɗinka da haƙori.

Na ce, "Auta, abinci ne fa ya zo har ƙofa ka kore shi."

Ya ce, "Na yi na yau, Hamma. Zo mu je, inuwa ta kusa kai wa inda nake so."

Zan faɗi gaskiya ko da za ta kunyata ni: ban taɓa yin yamma mai daɗin wannan ba tun da na yi aure. Iska tana saukowa daga wajen duwatsu. Ga dattawa, ga wani tsohon ɗan sanda, ga mai gyaran rediyo, ana dara ana zolaya da Hausa da Fillanci da abin da ya samu. Wata mata ta kawo kunun gyaɗa mai zafi. Ƙanena ya ci wasa huɗu a jere, yana dariya har ana ganin dasashinsa. 'Yarsa ta biyo ta nan daga islamiyya, ya zaunar da ita ya saurari haddarta har ƙarshe, ya gyara mata wuri biyu. Na tuna ni kaina ban san inda nawa 'ya'yan suka kai a karatu ba. Na ce a raina, wannan mutumin in aka ce yana wahala, to ni a ba ni irinta buhu biyu.

Na tambaye shi, "In aka ce ku yi musaya da yayanka, ka karɓi gidansa da firij da komai, ka kuma karɓi kekensa da yininsa, za ka yarda?"

Ya ce, "Allah ya kiyaye. Ko an haɗa mini da gidan gwamna."

Na riga na yi wa mai keke irin wannan tambayar, ya ce gara a kai shi kurkuku, can ma aƙalla ana ba mutum aikin yi. To ga mutum biyu, ba wanda yake son rayuwar ɗan'uwansa, kowa kuma yana ganin ɗayan ne abin tausayi, amma kowa yana son masara. Ni da lissafina na aji huɗu ban san inda ake cire wannan ba.

Da za mu tashi na bi shi gida in gaishe da matarsa. Tana tsakar gida tana kaɗa miyar kuka, miyar da in ka leƙa za ka ga fuskarka da ta wanda ke bayanka. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta jira mijinta ya shiga alwala, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Hamma, na ji ana auna mu."

Na ce, "Ba ku ba, mijinki."

Ta ce, "Shi ai ya zaɓi hutunsa, kuma yana jin daɗinsa, ban hana shi ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ni ba a tambaye ni ba. Yaran nan ma ba a tambaye su ba. In ka auna shi ka ga ya ƙoshi, ka tuna ba shi kaɗai ke cin tuwon ba."

 Na sha ruwa na fita.

Washegari na biya gidan mai keke don a yi adalci, shi dama ba ya nan. Matarsa ta kunna mini fanka, ta kawo zoɓo mai sanyi daga firij. Na tambaye ta ko suna bukatar masarar. Ta yi dariya ta ce buhunan bara ma ƙwari ke ci. "Ba masara yake so ba, Hamma. So yake a ce an gan shi. Shekara uku kana nuna ƙanensa, shi ko sannu ba a yi masa a gaban mutane. Ni kuwa in za ka ba ni wani abu, ka ba ni mijina na yini ɗaya. Rabon da mu ci abinci tare tun sunan autarmu, ga ta can tana gudu."

Na fito kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Gidan da ke da masara ba shi da mutum, gidan da ke da mutum ba shi da masara. Kwana biyu ina juya wannan a aji, har na ba yara lissafin da ni ma ban san amsarsa ba. Ranar Alhamis, ina cikin cin doya da manja a bakin makaranta, sai dabara ta faɗo mini. Na ji kamar in tashi in yi wa kaina tafi. Na ce lallai Dada ba ta yi kuskuren zaɓe ba, irina ɗaya ne a Jalingo.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka taru a ɗakin Dada. Babu turmi, sai na zauna a kan buhun masarar kanta. Na gyara murya na ce na auna, na gano kowannensu akwai abin da ya rasa. Don haka masara ta tafi gidan tela, a hannun matarsa. Shi kuma tela, a damina mai zuwa, shi zai yi noman farko da maimai a madadin yayansa, kwana uku-uku. Mai keke ba zai taka gona ba a waɗannan kwanakin, ba zai taɓa keke ba, zai zauna a gida da iyalinsa ya huta. Wanda ba shi da hatsi na ba shi hatsi, wanda ba shi da hutu na ba shi hutu. Na kalli Dada ina jiran guɗa.

Tela ya ce, "Na yarda. Kwana shida ai ba mutuwa ba ne."

Mai keke ya juyo wajena. Ya ce, "Wato dai shi ka nuna."

"Ban nuna kowa ba. Ku biyu na nuna."

"Buhunan gidan wa za su?"

Na yi ta bayani, har da zana layi a ƙasa da yatsa. Dada ta sa baki ta ce ya yi haƙuri ya gwada shekara ɗaya, don ita. Ya ce to. Shi da kansa ya ɗora buhunan a keke ya kai gidan ƙanensa, ya sauke, ya ƙi shan ruwa.

Damina ta zo, aka yi huɗa aka shuka, ciyawa ta taso. Ranar farko ta noman tela na je in sa ido, tunda hukuncina ne. Ya iso da hantsi da fartanya sabuwa da butar shayi. Zan yi masa shaida, bai yi ha'inci ba. Noma ya yi irin na tela. Kowace masara sai ya zagaye ta, ya cire ciyawa ɗaya-ɗaya, ya tara mata ƙasa a gindi daidai wa daida, ya ja baya ya duba ko layin ya miƙe. Kunya biyu da ya yi kafin azahar, wallahi da za a ɗauke su hoto a rataye a ofis. Maƙwabciyarmu ta gona, wata tsohuwa 'yar Mumuye da ta san mu tun muna yara, ta jingina da fartanyarta ta ce mini da irin Hausarta, "Malam, wannan ɗan'uwanka, ta zo noma ne ko ta zo gaishe da masara?" Ana kiran azahar daga Iware ya wanke hannu, ya ce ya yi na yau.

A can gida kuwa, daga baya matar mai keke ta ba ni labari. Da safe ya zauna a kujera, an kunna masa talabijin. Minti kaɗan ya tashi ya gyara ƙofar bayi. Ya kwance fankar da ba abin da ya same ta ya sake ɗaurawa. Ya yi wa yara faɗa a kan takalma. Ya tambayi abin da ya sa ake zuba manja da yawa haka a miya. Kafin sha biyu ita da bakinta ta ce, "Don girman Allah ka fita." Matar da ta roƙe ni mijinta na yini ɗaya, rabin yini ta iya.

A rana ta biyu da la'asar sai ga ƙarar keke a bakin gona. Ya sauko da tsohuwar fartanyarsa. Ya tsaya ya kalli kunyoyi huɗun da aka yi wa ado, ya kalli sauran gonar da ciyawa ta kai gwiwa. Sai ya sunkuya ya kama noma. Na bi shi ina cewa ya saɓa hukunci. Ya ɗago a hankali, hannu a ƙugu, ya ce, "Hamma, shi ka ba shi abin da yake so. Ni ka ba ni abin da shi yake so. Ka ba shi masara ka ba ni horo." Ya koma ya sunkuya. Kwana uku ya yi yana nome abin da aka ce an ɗauke masa, ya rasa lodin kasuwar Iware na wannan makon, ciwon baya kuma ya kwantar da shi kwana biyu, hutun da ya samu ke nan a shekarar.

Ban sake zolayar kowa a gonar ba har aka yi girbi. Na sha zama ina tunanin inda na kauce. Na auna hutu da mudun tela, na ɗauka kowa haka yake jin daɗinsa, don ni ma can zuciyata ɗan gindin mangwaro ne. Da na ba mai keke masarar, ko da ƙwari za su ci, da ya ji an gan shi, amma da yara biyar sun sha ruwan kuka har wata damina. Da na raba biyu, da kowa ya ce an cuce shi rabi. Na tambayi Dada yadda Baba yake ganewa. Ta ce, "Wa ya ce maka yana ganewa? Tsoronsa kuke ji kawai." Ta juya ta fuskanci bango. Tun daga lokacin ƙafafunta suka fara kumbura, ba ta cika doguwar magana ba.

Bayan girbi mai keke bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya zo gidana da safe, ya gaishe ni a tsugune kamar kullum, ya ce ya cika alkawarin shekara ɗaya. Na ce mu sake gwada wata dabara, ina da guda biyu a kai. Ya ce, "Hamma, ka bar dabara haka nan. Kai ma ka gaji." Gaskiya ya faɗa. Na je na gaya wa Dada. Ta ce a kira malami ya raba yadda addini ya ce, amma ita ba za ta je ba, kada kuma a zo a ba ta labarin inda igiya ta bi.

Aka kira malamin da dattawa biyu na Iware. Aka ja igiya. Aka fitar wa Dada tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, aka yanka sauran uku. Abin bai ɗauki awa biyu ba, gonar da muka yi shekara talatin muna zuba gumi a cikinta tare. Dattawa suka ce a dasa cini-da-zugu a kan iyakoki tun ƙasa da sauran danshi, kowa ya dasa gefensa, don kada jikoki su zo su yi rigima. Aka yi addu'a suka tafi.

Muka rage mu uku da tarin rassa. Na dasa biyar na zauna, numfashina yana fita kamar na tsohon injin niƙa. Tela yana can nasa gefen yana auna tazarar kowane reshe da taku, yana gyara wanda ya karkace. Mai keke ya gama nasa layin tun rana ba ta yi zafi ba. Ya ɗaure fartanya a bayan keke, ya hau, ya tayar. Sai ya waiwaya ya ga inda ƙanensa ya kai, reshe na bakwai cikin wajen sittin. Ya yi tsaki, ya kashe keken, ya sauko ya kwashi rassan tela ya fara daga ɗaya bakin.

Tela ya ce, "Bar shi mana, Hamma ƙarami, zan ƙarasa gobe."

Ya ce, "Gobe ƙasa ta bushe. Matsa."

Tela ya matsa. Ya zo ya zauna kusa da ni, ya zuba mini shayi a murfin buta. Muka zauna muna kallonsa yana tafiya a sunkuye, yana haƙa, yana dasawa, yana takewa da diddige, har shingen ya raba gonarsa da tamu.